Busa a Garejin Malam Nu'man

Wani dare cikin bazara, bayan an idar da sallar isha'i, Malam Nu'man yana kishingiɗe a tsakar gidansa da ke Illela sai ya ji busa. Ba ta sarewa ba ce, ba kuma kukan tsuntsu ba. Ta fi kama da ƙarar da kwalba ke yi idan an hura bakinta, sai dai wannan ta fi kauri, kuma tana zuwa tana ɗaukewa tare da iska.

Da wani ne, da ya juya ya yi barcinsa. Malam Nu'man kuwa ba haka Allah ya yi shi ba. Shi ne ya taɓa yin yini guda a bakin tafkin Kalmalo yana kallon wani kifi mai ido ɗaya da masunta suka yar. A yatsarsa ta dama akwai zoben azurfa mai jan dutse, wanda ya saya wurin wani Buzu a Konni shekara talatin da suka wuce, kuma ya sha rantsuwa cewa zoben kan yi sanyi idan hadari zai taso. Maƙwabcinsa Jabir tela ba ya wucewa bai tsokane shi ba.

"Malam, mi zoben ya ce yau? A yi shanya ko a bari?"

A daren nan Malam Nu'man ya ɗauki tocila ya bi ƙarar, ta kai shi gareji.

Garejin nasa ne, amma aikin da ke ciki na Hamidu ne, mijin 'yarsa Latifa. Hamidu bakanike ne, shekararsa goma sha biyu a wani babban gareji da ke hanyar Konni. Bara aka sallame shi, saboda wani inji da ya haɗa ya buga a ranar da aka tada shi, da aka buɗe aka sami noti a ciki. Ya rantse ba shi ya bar shi ba, ba wanda ya saurare shi. Direbobin tasha suka laƙaba masa suna Mance-Noti, mutumin da a da ake bin layi a wurinsa ya koma ko hon ɗin mota ba a ba shi gyara. Sai bana Alhaji Abdulaziz, dillalin albasa, ya kawo masa akori-kurarsa mai shan gas, ya ce ya sauke injin ya sake shi gaba ɗaya kafin a gama cirar albasa a Kalmalo. Ya faɗa masa a gaban mutane cewa in ta yi kyau, sauran motocinsa uku ma nasa ne, in kuwa ta ɓaci, to maganar direbobi ta tabbata.

Da yake Hamidu ba shi da wurin aiki, Malam Nu'man ya ba shi garejin da ya zama ɗakin kaji tun da ya sayar da tsohuwar motarsa. Sati uku Hamidu ya yi a ciki. Ya shimfiɗa buhu, ya zana da'irori da alli, kowane noti ya cire sai ya ajiye shi cikin da'irarsa, da yamma kuma ba ya tafiya sai ya ga kowace da'ira da abinta. Ya wanke komai da kananzir, ya sa sababbin fistin da rin, ya goge bawul ɗaya bayan ɗaya har yatsunsa suka yi kanta.

A daren nan injin yana zaune a kan tsohuwar taya kusa da taga, an riga an ɗaure kansa. A gefen kan akwai ramuka huɗu da iska ke shiga, Hamidu ya toshe kowanne da tsumma don kada yashi ya faɗa. Tsumma ɗaya ya zame ya faɗi ƙasa, iskar taga kuma tana bi ta bakin ramin. Ita ce busar.

Malam Nu'man ya tsuguna yana murmushi shi kaɗai. Abin da ya kamata ya yi a fili yake, ya mayar da tsumma ya koma tabarmarsa. Sai ya zare na biyu, don ya ji ko muryarsu ɗaya. Ba ɗaya ba ce, ta biyun ta fi siriri. Ya zare na uku da na huɗu, ya zauna yana sauraron ƙarfe yana waƙa. Can sai ya ce bari ya gani ko muryar za ta sauya idan ya rage zurfin ramin. Ya zura yatsarsa a rami na uku. Ta kuwa sauya. Ya ƙara turawa, yatsar ta maƙale, ya fizgo ta. Ta fito da santsin baƙin mai, amma ba zobe. Tsufa ya daɗe da rage masa nama, shi ne bai lura ba.

Ya haska tocila. Ramin ya lanƙwasa zuwa ƙasa, can ciki ya hango jan dutsen yana ƙyalli. Ya gwada da yatsa, ya gwada da tsinken tsintsiya, ya kasa. Ya mayar da tsummokaran huɗu, ya ce da safe zai gaya wa Hamidu, aikin minti biyu ne ga mai kayan aiki.

Da safe Hamidu ya iso. Yana ganin surukinsa a ƙofar gareji ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ya aikin?"

"Mun gode Allah, Baba. Albarkacinku, jibi in sha Allahu za mu tada ta."

Maganar tana bakin Malam Nu'man, amma ta ƙi fita. Shekara tara da auren Latifa, bai taɓa yin magana da Hamidu ta wuce gaisuwa da addu'a ba. Ko abinci ba su taɓa ci a wuri ɗaya ba. Yanzu ta ina zai fara? Ya ce wa mutumin da ke durƙushe a gabansa, ni surukinka na shigo da dare na yi wasa da sana'arka?

"Allah shi yi albarka," in ji shi. Ya janye hannunsa cikin hannun riga ya wuce.

Ya yanke shawarar ya bi ta wajen matarsa Atika, ita ta gaya wa Latifa, Latifa ta gaya wa mijinta. Ya same ta tana tankaɗe.

"Atika, jiya da dare kin ji wata busa?"

"Busar mi kuma? Malam, don Allah kada ka fara. Wancan karon kwaɗo ne mai magana, kwana biyu ka hana mu ɗiban ruwa a randa."

"A gareji na ji ta."

Ta ajiye rariya ta dube shi. "Ba dai ka shiga ba? Yaron nan ko kaza ba ya bari ta shiga. Latifa ta ce ko barci ba ya yi, cikin dare sai ya tashi zaune yana lissafin noti da yatsu."

"Daga waje na ji," in ji Malam Nu'man.

Ƙaryar ta fito masa da sauƙi har ta ba shi tsoro.

Da aka kira azahar Hamidu ya tafi masallaci, shi kuwa ya ce ƙafarsa na ciwo, a gida zai yi. Ya lallaɓa gareji da wata waya da ya lanƙwasa bakinta. Ya zare tsumma, ya zura, ya ji ta taɓa zoben. Ya ɗago shi a hankali har ya kusa lanƙwasar ramin, sai zoben ya suɓuce. Da ya sake haskawa bai ga ko ƙyallinsa ba. Ya ji muryar masu dawowa daga masallaci, ya cusa tsumma ya fita ta baya, waya a aljihu, sallar ma bai yi ba tukuna.

Kafin la'asar Hamidu ya zare tsummokaran, ya leƙa ramukan da tocila bai ga komai ba, ya ɗaure bututun iska a kansu. Washegari ya kira majiya ƙarfi biyu daga tasha, suka ɗaga injin da sarƙa suka zaunar da shi a cikin motar.

Daga nan Malam Nu'man ya shiga lallashin kansa. Ai azurfa taushi gare ta, maƙera da ɗan gawayi suke narkar da ita, balle wutar inji. Za ta narke ta bi hayaƙi ta fita ta salansa. Har yakan hango abin a ransa, motar tana gudu a hanyar Kalmalo tana zubar da ɗigon azurfa, mata masu zuwa rijiya suna tsinta. Sai kuma ya tuna da dutsen, tuwon da ke gabansa ya fita ransa. Latifa ta zo da yamma ta kawo masa fura, tana ta murna, ta ce Hamidu ya fara cin abinci kamar da, har ya yi mata dariya jiya. Ya karɓi kwanon da hannun hagu. Ta dube shi da mamaki.

Ranar tada mota Alhaji Abdulaziz ya zo da hantsi, da direbansa da wasu direbobi biyu da suka biyo don kallo. Jabir tela ya bar keken ɗinkinsa ya fito da tef a wuya.

"Malam, yau ba hasashe? Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

"Allah ya sani," in ji Malam Nu'man, hannuwansa duka biyu a cikin riga.

Hamidu ya duba mai, ya duba ruwan lagireto, ya zuƙo gas har ya kai nozul. Sannan ya ɗauko buhun nan mai da'irorin alli ya ɗaga shi sama, ya kakkaɓe a gaban kowa. Babu abin da ya faɗo.

"Kun gani dai," in ji shi, yana duban direbobin.

"Mun gani, Mance..." ɗayansu ya fara, Alhaji ya harare shi ya yi shiru.

Tsakanin Malam Nu'man da Hamidu bai fi taku huɗu ba. In ya ce a dakata, aikin rabin yini ne a kwance bututun a lalubo zoben. Ya buɗe baki, ya ga mutum shida sun tsaya, ya ga Jabir da bakinsa da ba ya riƙe magana, ya ga kansa gobe a bakin 'yan tasha, tsoho mai busa da inji. Ya yi tari.

Hamidu ya ce bismillahi ya murɗa makulli.

Motar ta yi tari biyu ta kama. Hayaƙi fari ya cika garejin, sannan ya washe, injin ya daidaita yana wata ƙara mai daɗi kamar ana daka a jere. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Kai! Wanga aiki ya yi!" Malam Nu'man a ransa yana cewa azurfar ta narke, wallahi ta narke.

Sai aka ji ƙwas, kamar an sara ƙarfe da gatari. Motar ta girgiza, ta yi ƙwanƙwasa uku masu nauyi, kafin Hamidu ya kai hannu ga makulli ta mutu da kanta.

Direban da Alhaji ya harara ɗazu ya dubi 'yan'uwansa. "To," in ji shi.

Alhaji ya ce ba zai tafi ba sai an buɗe a gabansa. Aka kawo masa benci. Hamidu ya ɗauki sifana ya fara kwance abin da ya yi sati uku yana ɗaurawa, har yanzu kuma kowane noti sai ya kai shi da'irarsa. Aka yi azahar aka dawo. Wajen ƙarfe uku ya ɗaga kan injin ya ajiye a gefe.

Malam Nu'man ya matso, ƙafafunsa ne suka kai shi. Bawul na uku ya lanƙwashe, fistin ɗin ƙasansa ya tsage gida biyu. A tsakiyarsa wani farin ƙarfe ya baje ya manne, a gefensa kuma ga ɓarɓashin ja kamar an daka barkono.

Hamidu ya daɗe yana kallo. Shekara tara yana durƙusawa kansa a ƙasa, idonsa a kan hannun surukinsa, babu wanda ya san zoben nan kamarsa. Ya sa bakin sukudireba ya ɓamɓare ƙarfen, ya share jan garin da babban yatsa, ya dunƙule hannunsa. Bai ɗago ya dubi Malam Nu'man ba.

"Mi ka gani?" in ji Alhaji daga kan benci.

"Noti ne, Alhaji."

"Noti? Ba kai ka kakkaɓe muna buhu ba?"

"Ni na mance shi. A yi haƙuri."

Direbobin suka dubi juna. Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, bai ɗaga murya ba. Ya ce wa direbansa ya nemo motar da za ta ja ta zuwa Sakkwato, a kwashe kayan a buhu. Sannan ya juyo ga Malam Nu'man.

"Malam, don darajarka na ba shi. Ka yi haƙuri, ka ga dai abin da ya faru."

Hamidu yana tsugune gaban injin, hannunsa a dunƙule a kan gwiwa. Daga bayan ƙyauren cikin gida Malam Nu'man ya ji takun wata tana komawa da sauri, ya san na Latifa ne.

"Alhaji," in ji shi. Ya fiddo hannunsa na dama daga cikin riga ya ɗaga, kamar mai neman a dakata. Alhaji ya tsaya yana jira. Hamidu ya girgiza kai kaɗan, idonsa a ƙasa.

Jabir tela, wanda idonsa ya saba da awo, ya kalli hannun da ke sama, ya ga farin zagaye a gindin yatsa inda rana ba ta taɓa ba shekara talatin.

"Af, Malam," in ji shi, "ina zobenka?"