Layin Yaya Ya Koma Kore

Kwana goma sha tara ke nan wayar Yaya tana kashe. Ya bi jirgin ruwan kamun kifi aiki, ya ce mako guda zai yi, shiru kake ji. Umma ta daina cin abinci sai an matsa mata.

Ita kuwa Auta, aikinta a kamfanin da ke tura wa makarantu da asibitoci saƙonnin tes shi ne duba rahoto. Duk saƙon da ya fita, manhaja tana rubuta makomarsa a gefensa. "An aika" ba wani abu ba ne, saƙon ya bar ofis ne kawai. "Yana jira" na nufin wayar a kashe take ko babu sabis. "Ya isa" kuwa ba ya fitowa sai wayar da kanta ta amsa cewa ta karɓa. Saƙo kwana uku yake jira ya mutu, shi ya sa duk kwana uku takan faki ido ta saka lambar Yaya a layin gwaji ta aika sabo.

Yau da hantsi tana kurɓar shayi, layin Yaya a rahoton ya koma kore, alamar "Ya isa".

Ihun da ta yi sai da mai gadi ya leƙo. Ta ɓarar da shayin, ta rungume akawu, ta zagaya tebur sau biyu da takalmi ƙafa ɗaya tana cewa, "Ya isa! Wallahi ya isa!"

Injiniya, abokin aikinta wanda ba ya iya ganin farin cikin mutum bai yi masa gyara ba, ya sauke tabarau. "Waya ce fa ta karɓa, ba mutum ba. Ko wani ne ya tsince ta ya kunna, koren nan za ki gani."

Ta buga lambar Yaya, aka ce ana magana. Ta sake, haka.

"Da wane suna ma kika aika?" in ji Injiniya.

Ta duba. Ashe layin gwajin sunan wani asibitin haihuwa yake ɗauke da shi, kuma irin wannan saƙo ba a iya mayar masa da amsa.

Sai wayarta ta yi ƙara. Umma ce, dariya da kuka sun haɗe mata.

"Ke Auta, yanzu yayanki ya kira ni hankalinsa a tashe! Wai asibitin haihuwa sun ce ya kira gida maza. Yana ta tambaya wa ya haihu, shi da ko budurwa ba shi da ita!"

Auta ta zauna daɓas a ƙasa, cikin shayin.

"Umma, muryarsa kika ji? Da kunnenki?"

"Da kunnena. Har ya ce yunwa yake ji."