Hoton da Gwaggo Marka ta zaɓa

Lukuman mai hoto na Gwarzo gwani ne a kan duk abin da ba ya motsi. A kawo masa amarya, ko alhajin da ya dawo daga Makka, ko mai neman hoton fasfo, sai ya zaunar da su gaban labulen nan nasa mai zanen jirgin sama, ya gyara musu wuya, ya ce, "Kada a ƙifta," ya danna. Amma in kaza ta gifta a guje, sai dai ka ga wani hayaƙi a jikin takarda.

To shi ne Ya'u, wan matarsa Asibi, ya ɗauko wa aiki. Ya'u ɗan kokawa ne daga Gude, ya daɗe bayansa bai taɓa ƙasa ba. A kakar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ana ta raɗe-raɗin za a rage taron kiɗa, ga gwiwa ta fara yi masa tsiya, sai ya yanke shawarar wasan Kabo ne na ƙarshe. Ya zo shagon, aka gaisa har aka tambayi awaki, sannan ya sunkuyar da kai kamar ba shi ne mai ɗaga ƙarti sama ba.

"So nake Gwaggo ta gan ni a fage," in ji shi. "Ko sau ɗaya ne, ko da a hoto."

Gwaggo Marka ita ta haife shi, kuma shi ne ɗan farinta. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. In makaɗa suka rako shi gida suna kirari, sai ta shige madafa ta kama wanke tukunyar da aka riga aka wanke. Ya'u bai taɓa ƙorafi ba, haka ya tashi ya tarar. Amma abin yana cinsa a rai, kuma Lukuman ya ga haka a fuskarsa.

"Yaya, gilashin kyamarata na cikin ɗaki ne," ya ce. "Daga bakin fage, kamar ƙuda za ka fito. Amma bar ni da abin."

Ranar Litinin ya shiga motar Kano. A wani lungu na Sabon Gari akwai wani dattijo, Malam Zainulabidin, mai sayar da kayan hoto na hannu, wanda ba ya gaggawa ko da gobara ce ta tashi. Ya jera masa gilasai uku a kan tsumma. Na farko dogo ne fari, irin na 'yan jarida, Lukuman ya ji kuɗinsa ya janye hannu a hankali, don ya kai na babur. Na biyu mai zum ne, ka murɗa ya jawo, ka murɗa ya mayar, ga araha. Nan idon Lukuman ya tsaya.

"Da wane lokaci ake wasan?" dattijon ya tambaya.

"Bayan la'asar, Baba. Manyan kuma sai rana ta yi sanyi suke shiga."

"To ajiye shi. Wannan rowar haske gare shi. Da hantsi sarki ne, da yamma kuwa zai ba ka fatalwa biyu suna rungume da juna." Ya turo na ukun, wani baƙi mai nauyi, fentinsa duk ya goge. "Wannan ba ya zum, ƙafarka ce zum ɗinsa. Amma bakinsa a buɗe yake, yana shan haske. Zai tsayar maka da mutum a sama, ya narkar da duk wanda ke bayansa."

Lukuman ya ɗaga shi ya haska, babu ƙura a ciki, babu tsaga. Ya ɗaura a kyamararsa ya leƙa titi, sai ga wani mai lemo can nesa ya zo har gabansa, jama'ar da ke bayansa sun zama kamar kunu. Aka ja ciniki har aka kira azahar, ya saya. Kwanakin da suka rage ya ƙarar da su yana bin akuyoyin Asibi da kyamara babu fim a ciki, yana koyon murɗa gilashi kan abin da ke gudu. Maƙwabta suka fara yi wa Asibi jaje.

Ranar wasa Kabo ta cika ta batse. Ɗan'auta na Lakwaya, saurayi mai ƙirji kamar turmi, aka haɗa da Ya'u. Suka daɗe suna zagaye da juna, Ya'u yana ɓoye gwiwar nan. Can yaron ya yi wawan kamu, Ya'u ya shige ƙarƙashinsa ya ɗaga shi cak, Lukuman ya danna, sannan Ɗan'auta ya ji ƙasa. Jama'a suka ɓarke cikin fage suka saɓa Ya'u a kafaɗa. Dogon gilashi ba ya ganin abin da ya matso kusa, don haka Lukuman ya cire shi da sauri, ya mayar da tsohon nasa, ya ɗauki taron gaba ɗaya don kada sauran fim ya tafi a banza.

Da aka wanko hotunan, Lukuman sai da ya zauna. Ga Ya'u shi kaɗai ya cika takarda, jijiyar wuyansa a miƙe, ƙasa na zuba daga ƙafar Ɗan'auta, bayansu babu fuskar kowa. Ya sa aka faɗaɗa shi, ya saka a firam. Daɗi ya kama shi har ya kasa cin tuwo.

Suka tafi Gude su uku. Lukuman ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofar surukarsa, Ya'u ya rakuɓe daga gefe, Asibi ta shiga da firam ɗin ta kwance zanen da aka naɗe shi. Gwaggo Marka ta kai ido sau ɗaya, ta kawar da kai kamar an haska mata tocila.

"Ke Asibi, ba ki da ta ido? Wa zan ce ina kallo a nan? Fitar mini da shi."

Sai a lokacin Lukuman ya gane ɓarnar da gwanintarsa ta yi. Ya narkar da mutanen Kabo kaf, bai bar wa tsohuwa ko mutum ɗaya da za ta fake da shi ba. Ya'u ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce, "Ba komai, Gwaggo."

Asibi dai 'yar Gwaggo ce, ta san hali. Ta zazzage ambulan ɗin sauran hotunan a kan tabarma, wai tana neman na wata ƙawarta. Gwaggo na ta faɗa, hannunta kuwa na tona su. Can ta ɗauki na taron nan, wanda Lukuman bai ma ɗauke shi a bakin komai ba. Mutane sun fi ɗari a ciki, Ya'u yana can sama a kafaɗunsu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Wannan ba ƙanena Ɗanladi ba ne da rakensa?" ta ce, tana nuna wani a kusurwa. "Ji yadda ya rame. Bar mini wannan, na daɗe ina son hoton Ɗanladi."

Babban hoton ya koma Gwarzo, aka rataye shi a ƙofar shago. Ya jawo wa Lukuman ciniki, har 'yan ƙwallon Kabo suka riƙa aiko masa duk ranar da za su buga.

Bayan sallar layya suka sake zuwa gaisuwa. Ya'u na durƙushe, Gwaggo ta ciro hoton taron nan daga bayan jeren kwanoninta ta miƙo wa Asibi ta kan labule.

"Ki gaya wa mijinki takardarsa ba ta da kyau. Ko shekara ba ta yi ba, ta fara koɗewa. Ya sake wanko mini wani."

Asibi ta miƙa wa Lukuman, Ya'u ya leƙo ta kafaɗarsa. Ɗanladi da rakensa suna nan fes, suna ƙyalli kamar ranar da aka wanko su. A tsakiya ne, daidai kan ɗan mutumin da ke saman kafaɗun jama'a, takardar ta dushe ta yi maiƙo, faɗin kan yatsa guda.

Ya'u ya daɗe yana kallon wurin. Da ya gane yatsan Gwaggo ne ya goge shi, sai ya tashi ya fita wai zai duba shanu.

"Gwaggo, za a sake," in ji Lukuman daga bakin ƙofa. "In faɗaɗa miki wajen Kawu Ɗanladi?"

"A'a," ta ce da sauri. "Yadda yake ɗin nan. Kada ka taɓa komai."