Ɗan Ayu a Kwamin Kawu Siman

Ranar Juma'a da hantsi Kawu Siman ya dawo daga Loko, garin da ke bakin Kogin Binuwai, inda yake zuwa sarin busasshen kifi. Ina wanki a tsakar gida na ji a-kori-kurarsa ta tsaya a ƙofa.

"Keziya! 'Yar boko, fito ga jarrabawa na kawo miki."

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. A gidansa da ke unguwar Liman Abaji a Kefi na zauna duk shekarun da na yi a jami'a ina karatun ilimin dabbobi, kuma a nan nake jiran takardar bautar ƙasa. Kiwon tarwaɗa yake yi a bayan gida, a cikin kwamin siminti guda uku.

Da na leƙa bayan motar, sai na ga wani abu kwance tsakanin kwalayen kifi, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Kawu ya yaye buhu ɗaya. Fata ce toka-toka mai tamoji, da hanci mai gashi tsilli-tsilli, da hannaye biyu masu faɗi, har da 'yan farata a bakinsu. Ƙofofin hancin suka buɗe, ya ja iska, suka koma suka rufe.

"Ɗan ayu ne," na ce.

"Kin ci. Goma bisa goma."

Matarsa Mama Lea ta fito tana goge hannu a zani. Ta kalli abin, ta ja da baya. "Siman, wannan kuma wane baƙon ka kwaso mana? Ka ga idonsa kamar na mutum."

Kawu ya ce masunta ne suka kama uwar da asuba. Kafin ya isa an feɗe ta, ana ta soye kitsen. Ɗan kuma ya ƙi barin wajen, sai kewaya kwalekwalen yake yi yana kuka. Suka ce su haɗa da shi, Kawu ya hana.

"Ga ruwa a gida, ga mai digiri a gida," ya ce. "Me ya rage?"

Ban taɓa ganin ayu da idona ba. A aji hotonsa kawai aka nuna mana, tare da na dolfin da sauran dabbobin ruwa masu shayarwa. Na san cewa uwar tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi har wajen shekara biyu. Wannan da ke gabana bai wuce 'yan makonni ba. In babu nono, kwanakinsa kaɗan ne.

Muka kwashe kifin kwami na uku, muka wanke shi, muka zuba ruwa daidai ƙuguna. Mu uku muka ɗauke shi a kan bargo. Da ya ji ruwa sai ya nutse, ya kwanta a ƙasa. Bayan ɗan lokaci ya taso, ya fito da hanci kawai, ya shaƙi iska, ya koma.

"Kawu, ba kifi ba ne fa," na ce a hankali. "Huhu gare shi. Dole ya riƙa fitowa yana numfashi."

"Tarwaɗa ma ai haka take fitowa. Shekara goma sha huɗu ina cikin ruwan nan, Malama."

Ban iya ja da manya ba, balle Kawu.

Na kira Dakta Hamdiya, malamar da ta duba aikina na shekarar ƙarshe. Tana Legas wajen wani taro. Ta ce ta san likitan dabbobi da ya taɓa renon ɗan ayu, za su iso Kefi tare ranar Litinin da irin madarar da ta dace.

"Aikinki ɗaya ne, Keziya. Ki riƙe min shi da rai har Litinin. Kada a ba shi nonon shanu. Ki nemi madarar jarirai irin wadda ake ba yaran da cikinsu ba ya karɓar nono. Kada ruwan ya yi sanyi."

Sai da na zagaya kemis huɗu kafin na samu. Amma ɗan ayun ya ƙi fidar jariran da na zuba madarar a ciki. In na kai masa baki sai ya kau da kai, ya yi wani siririn kuka kamar na ɗan tsako. Har la'asar ina tsaye a cikin ruwa, yatsuna sun yi yaushi. Na lura duk lokacin da ya matso, ba hannuna yake nema ba, gefen ƙirjina yake tunkuɗa da hanci. Nan na tuna cewa nonon uwar ayu a hammata yake, a bayan hannu. Na durƙusa har ruwa ya kawo min wuya, na matse fidar a hammatata. Ya laluba, ya laluba, ya kama. Ina jin gashin bakinsa yana sosa min fata.

Mama Lea tana tsaye a bakin kwamin. "Oh ni Lea! Ba a kawo sadaki ba ga jika. Me zan gaya wa uwarki?"

Ranar Asabar ya sha sau biyar. Amma labari ya riga ya fita. Tun da safe mutane suka fara sallama, wasu ba su ma sallama. Yawancinsu man ayu suke tambaya, wanda ake cewa yana sa a so mutum. Wata mata mai shago a kasuwa ta roƙi a bar ta ta goga hankicinta a bayansa. Wani dattijo ya ce ruwan kwamin kawai yake so, cikin gora ɗaya. Da azahar na shiga ɗaki in haɗa madara, ina fitowa na tarar da wani mutum ya sunkuya cikin kwamin da reza a hannu. Mama Lea ce ta bi shi da muciya har titi.

"Ɗan kaɗan zan yanka a wutsiya, Mama, ba zai ma ji ba!"

"Zo in yanki kaɗan a kunnenka, mu gani ko za ka ji!"

Lahadi kuwa ita ce ranar godiyata a coci, ta gama karatu. An sanar tun wata guda, an ɗinka anko, dangi sun taho daga Panda da Gitata. Da safe na ba shi madara. Ya sha rabi ya saki, ya koma ƙasa ya kwanta. Na ce wa Mama Lea ko zan zauna.

"Ki zauna? A kira sunanki a gaban jama'a, mu ce kina gida kina renon kifi? Sa ɗankwalinki."

"Ku yi gaba," in ji Kawu. "Zan rufe shi yadda ko ƙuda ba zai taɓa shi ba, in biyo ku."

Na ɗauka ƙofar bayan gida yake nufi. Na so in tambaya. Ban tambaya ba.

An yi nisa da sujada kafin ya iso. Ya zauna a kujerar da ke bayana, yana ƙamshin turare da ɗan ƙarnin kifi, ya sunkuyo wajen kunnena.

"Kwantar da hankalinki. Na ɗora masa ragar ƙarfe, na danne da bulo shida. Kuma na ga jikinsa ya yi sanyi yau, sai na sakar masa sabon ruwa. An kawo wuta, na bar tiyo yana zuba. In kifi ya ƙi cin abinci, ruwa ake canja masa."

Na san ragar. Ita yake ɗora wa manyan tarwaɗa don kada su yi tsalle su fita. Ba a saman kwamin take zama ba, a kan wasu ƙarafa take zama daga ciki, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki. In tiyo ya ci gaba da zuba, ruwa zai haye ta.

Daidai nan mai sanarwa ya kira sunan gidanmu. Mawaƙan coci suka ɗauki waƙa, dangi suka miƙe, Mama Lea ta kama hannuna. Na bi su. Wannan shi ne abin da har yau nake juyawa a raina: na bi su. Na taka rawa daga ƙofa har gaban bagade, mutane suna ta murmushi, ni kuma ina lissafin yadda tiyon Kawu yake cika kwami. Na durƙusa fasto ya ɗora min hannu. Addu'ar ta yi tsawo. Sai da aka ce amin na tuɓe takalmana na fita da gudu ta ƙofar gefe.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida. Tun daga zaure na ji ƙarar ruwa. Ya cika kwamin, yana malala ta baki, ya jiƙa bayan gida har gindin gwanda. Ragar tana can ƙasa da ruwa. A ƙarƙashinta ɗan ayun yana manne, hancinsa a jikin ƙarfen.

Na ture bulo biyu, na uku ya faɗo min a ƙafa, ban ji ba sai daga baya. Ragar ta fi ƙarfina. Ina cikin ja Kawu ya iso da babbar rigarsa, ya faɗa ruwan, ya fizge ta da hannu biyu har wayar ta tsaga masa tafi. Muka ɗago kan ɗan ayun sama. Na jira ƙofofin hancin su buɗe. Fatar wajen duk ta ƙuje, ƙarfen ya bar mata zane gida-gida.

Kawu ya girgiza shi. "Kai, tashi mana. Ga iska nan. Ga ta nan."

Mun daɗe a haka. Sai ya fita ya kashe injin ruwa, ya dawo ya zauna a kan bulo, jini yana ɗiga daga hannunsa kan anko.

"Ai kin gaya min," ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

"Ban gaya maka da ƙarfi ba, Kawu."

Na kira Dakta Hamdiya na ce kada su taho. Ba ta tambayi laifin wane ne ba. Ta ce tunda ya riga ya mutu, in auna tsawonsa daga hanci zuwa wutsiya, in duba ko mace ce ko namiji, in rubuta inda aka kama uwar da ranar. Ta ce ba a san yawan ayun da suka rage a Binuwai ba, kowane rubutu yana da amfani.

Kawu ya shiga ɗaki ya ɗauko tef ɗin awo na magina. Muka shimfiɗa gawar a kan bargo. Ya riƙe bakin tef ɗin a hancin, ni kuma na ja zuwa wutsiya. Santimita ɗari da goma sha biyu. Mace ce.

A waje dangi sun fara dawowa daga coci, ina jin ana sauke kulolin shinkafa, wani yana tambaya ina mai godiyar ta shiga.

"Sake aunawa," in ji Kawu. "Hannuna ya motsa. Kada a rubuta ba daidai ba."