Ƙauyen da Ya Ƙoshi a Takarda

Wadud yana da shekara arba'in da bakwai ya koma makaranta, bayan ya shekara ashirin yana auna jarirai a wani ƙaramin asibiti a Salaga. 'Yan ajinsu na sashen lafiyar jama'a sa'annin 'ya'yansa ne, Kawu suke ce masa. Da aka zo rabon wuraren bincike, sai aka kwashi yaran su goma sha biyu aka kai Yendi. Shi kuwa aka tura shi wani ƙauye bayan Binduri shi kaɗai, wai don yana jin Hausa. Shi dai ya fi zargin minsharinsa.

Aikin shi ne ya zagaya gida arba'in, kowane gida da takardar tambayoyinsa. Duk ƙauyen da takardunsa suka nuna yunwa, za a sa shi a jerin waɗanda wata ƙungiya za ta kai wa masara kafin gero ya nuna. Watan Yuni ne, an gama shuka, rumbunan garin kuwa ko ƙwanƙwasa su ka yi ka san iska ce a ciki.

Tambaya ta bakwai ce ta gagara: a wata guda da ya wuce, an taɓa wuni a gidan nan ba a ci abinci ba? Maigida zai gyara zama a kan benci, maƙwabta a tsaye suna saurare, ya ce, "Mun gode Allah." Wadud ya rubuta a'a. Gida talatin da ɗaya, amsar a'a talatin da ɗaya.

"Dakta," in ji Iddi mai masaukinsa da irin Hausar yankin, "namiji ba ya gaya ma baƙo cikin rumbu. Ko matana bai taɓa leƙa ba."

Abin kunyar kuma, ƙiba yake yi. Kullum sai an kawo masa tuwo da miyar kuka, ran nan har da zabo. A ɗaki yake ci shi kaɗai, don a nan ba a zama kan baƙo yana cin abinci. In ya gama sai ya taka zuwa gindin wata kuka inda waya ke kamawa, ya kalli hotunan yaran Yendi suna cin wake da shinkafa, ya aika wa matarsa doguwar gaisuwa, ta amsa da "To."

Mai kawo abincin Fadilatu ce, yayar Iddi, wadda ta daɗe tana sayar da koko a Bawku. Ranar nan ya ce, "Mma, kwanukanku ba sa ƙarewa ne? Kullum sabo."

"Ba namu ba ne. Baƙon gari ai na gari ne, gida-gida ake yi maka. Yau na gidan Jalil ne."

Gidan Jalil takarda ta sha tara ce, yara shida.

"Yaran fa, me suka ci?"

"Kaɗanya ta nuna," ta ce, tana gyara murfin kwanon. "Ci mana, Dakta, kada ya huce."

Ya dubi tuwon. Ashe mako uku ke nan yana neman yunwar garin da biro, alhali kullum yunwar ce ke kawo masa abinci har ɗaki.

Washegari ya ce ya ƙoshi. Ya soke tambaya ta bakwai, ya bar bencin maza, ya bi mata inda suke shanya ƙwallon kaɗanya. Abu ɗaya ya riƙa tambaya: "Ranar da gidanku ya ciyar da ni, me yara suka ci?" Wannan kam suna da amsarta, har suna yi masa dariya. Wata ta ce kaɗanya. Wata ta ce ganyen wake. Matar Iddi ta ce, "Romon zabonka."

Kafin la'asar magana ta kai wa maza. Iddi ya tsaya a bakin ƙofarsa, bai shigo ba.

"Mun ba ka abinci, ka je ka rubuta mu mayunwata."

"Don masarar ce, Malam Iddi."

"Wa ya roƙe ka?"

Kwana uku da suka rage, biskit ya ci da ruwan leda. In ya yi gaisuwa a amsa masa a taƙaice. Ranar tafiya ba wanda ya ɗauke shi a babur, da ƙafa ya kai jakarsa bakin titi.

Malamar da ke duba aikinsa ta rage masa maki saboda ya taɓa takardar tambaya ba da izini ba, amma ta tura rahoton. A watan Yuli ya ga sunan ƙauyen a jeri. Ya kira Iddi sau biyu, wayar ta yi ta ƙara har ta katse.