Zuciyar Kaza Don Sivka

Nevena 'yar mahauci ce, jikar mahauci, amma a garin Troyan kowa ya san ba ta cin nama. Tun tana budurwa ta daina, shekarar da aka yanka ɗan ragon da ta raina da kwalbar madara saboda bikin bazara. Aka yi mata faɗa, aka yi lallashi, ta kafe. Yanzu ga ta da furfura jefi-jefi, ita da aminiyarta Bilyana suna da ɗan gidan abinci kusa da gada, suna sayar da miyar wake, gasasshen tattasai da cuku, da burodin da Bilyana ke kwaɓawa da hannunta. Ko romon ƙashi bai taɓa shiga tukunyarsu ba.

Akwai kyanwa a gidanta, amma ba ita ta nemo ta ba. Maƙwabciyarta, tsohuwa Donka, ɗanta ne ya zo ya ɗauke ta zuwa ƙasar da yake aiki. Ranar tafiyar ta ƙwanƙwasa ƙofar Nevena rungume da wata kyanwa mai ruwan toka.

"'Yata, ga Sivka. Matar ɗana ba ta son gashi a kujera."

"Kaka, kin fa san abin da ake ci a ɗakina."

"Na sani. Wadda ta yi kuka saboda rago ba za ta wulaƙanta kyanwa ba. Karɓi, hannuna ya gaji."

Nevena ta karɓa.

Ta ƙudura a ranta cewa Sivka za ta bi dokar gidan. Ta dama mata wake da shinkafa, ta zuba kindirmo a kai. Ta aika aka kawo mata abincin kyanwa na tsirrai daga babban birni, Sivka ta sansana shi sau ɗaya ta juya masa baya har abada. Waken kuwa takan ci kaɗan don yunwa, ta lashe kindirmon, ta hau taga ta zauna tana kallon tantabaru. Can saman bene suke, babu ɓera, babu hanyar fita.

Da sanyi ya shigo sai Nevena ta fara ganin canji. Gashin ya dusashe, ƙashin baya ya fito. Idan ta ɗan yi tsalle sai ta kwanta tana haki. Wata safiya kuma tana kallo kyanwar ta nufi kwanonta, ta yi karo da ƙafar kujera, ta ja baya, ta sake yin karo da ita. Nevena ta naɗe ta a cikin gyale ta tafi wurin likitan dabbobi, ko gidan abincinsu ba ta biya ba.

Likita Minchev ya haska idon kyanwar, ya daɗe yana sauraron ƙirjinta. Da ya tambayi abin da take ci aka faɗa masa, bai yi faɗa ba, ya dai cire tabarau ya murza fuska.

"Akwai abin da jikinki yake haɗa wa kansa, nata ba ya iyawa, sai ta same shi a nama. Rashinsa ne ya taɓa ido, yana nan yana taɓa zuciya. Idon da ya tafi ya tafi. Zuciyar za ta iya dawowa."

"Babu magani?"

"Zan ba ki. Amma kyanwar da ba ta ci ba, magani ba ya riƙe ta. Ki ba ta abin da za ta ci da marmari, yau ɗin nan."

A ɗakin girki na gidan abincin ta faɗa wa Bilyana. Bilyana ta tsame hannu daga ƙulli ta dube ta.

"To ki bayar da ita. Masu cin nama sun cika gari."

"In na bayar, kajin da za ta ci za su fasa mutuwa ne? Hannuna kawai zan wanke."

"Ƙawata, ki yi tunani. Wannan kyanwar kafin ta mutu kaji nawa za ta cinye? Kin zaɓi guda ɗaya don kin san sunanta, su kuma ba su da suna."

Nevena ta san maganar gaskiya ce, ita ma abin da ta zo da shi ke nan a ranta tun daga wurin likita. Duk da haka ta ce, "Ni na makantar da ita, Bilyana. Da cokalina. Ba zan ƙarasa ta ba." Ta kwance ɗankwalin aiki ta rataye. "Kuma ba za a yanka komai saboda ni ba. Abin da ake zubarwa zan ɗebo."

Shagon mahaifinsu yanzu yana hannun yayanta Stoil. Tun rasuwar tsohon ba ta taka ƙofar ba, in sun haɗu a hanya gaisuwar kai kawai suke yi. Tana shiga warin ya tare ta, ta dafa bango. Stoil na bayan katako yana sara haƙarƙari, ƙato mai jan wuya. Ya ɗago ya ganta, ya ajiye gatari a hankali.

"Jama'a, ku zo ku gani! Akuyar gidanmu ta ɓace hanya. Auta, ciyawar ce ta ƙare a gari?"

Mata biyu da ke jira suka yi dariya. Nevena ta jira suka gama.

"Yaya, ba ciniki na zo ba. Abin da kake zubarwa nake so. Kyanwa ce da ni, ba ta da lafiya."

"Kyanwa! Wato ke ba za ki ci ba, amma ni in yi ta yanka, ke ki aiko kyanwa ta ci a madadinki. Mu ne masu jini a hannu, ku ne waliyyai."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Bokitin tarkacen yana baya. Ba ni da ɗan aike, kuma ba zan tsince miki ba. In kina so, ki sa hannu."

Ya zaci za ta juya. Sai ta naɗe hannun riga ta wuce ta gefensa. A baya ta durƙusa gaban bokitin, ta sa hannu cikin kitse da jijiya da fatar kaji masu sanyi. Amai ya taso mata, ta fita tsakar gida ta yi, ta kuskure baki a famfo, ta dawo ta ci gaba. Da ta tara abin da ya samu, ta zari wuƙa daga bango ta hau yanyankawa ƙanana. Stoil na tsaye a bakin ƙofa yana kallo.

"Har yanzu riƙon Baba kike yi wa wuƙa," in ji shi.

A gida Sivka ta ji ƙanshin tun kafin a buɗe ƙunshin. Ta tashi tana layi, ta sa kai cikin kwano tana ci tana gurnani, irin gurnanin da Nevena ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Nevena ta zauna a ƙasa tana kallo, daɗi da ƙyama duk sun cakuɗe mata.

Haka ta riƙa zuwa. Sai wata rana ta tarar da zukatan kaji a saman bokitin, jajaye, masu kyau, an jera su kamar a faranti. Ta kwashe su ta kai gaban katako ta zube.

"Yaya, wannan na sayarwa ne. Kada ka mai da ni yarinya."

"Faɗuwa suka yi a ƙasa."

"Duka? A jere?"

"Ke dai taurin kanki ya fi ƙashin saniya! Kitse da jijiya kike ba wa mara lafiya. Je ki tambayi likitanki."

Ta je ɗin. Likita Minchev ya auna Sivka, ya ce nauyi ya ɗan ƙaru amma ƙirjin bai gamsar da shi ba. Ya ce tarkacen bokiti cika ciki ne kawai, abin da ake nema ya fi yawa a cikin zuciya da naman cinya. Nevena ta fito ta zauna a kan benci a bakin kogi, kyanwar na cikin kwando a cinyarta. Dabarar da ta yi don ta tsira da tsarkinta ta rushe. Zuciyar kaza ba shara ba ce, kaya ce, duk wanda ya saya ya sa a yanka wata gobe. Ta juya maganar ta kowane gefe ba ta sami ƙofar fita ba. Sai ta tashi ta koma shagon Stoil, ta bi layi bayan sauran mata, da aka zo kanta ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Zuciyar kaza." Stoil ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarta, ya auna mata shiru.

Troyan ba babban gari ba ne. Kafin mako ya zagayo masu zuwa cin wake sun fara raɗa. Wani malamin kiɗa da ya shekara yana cin abincin rana a wurinsu ya tambayi Bilyana ko tukunyar nan dai har yanzu ana iya yarda da ita. Bilyana ta shigo ɗakin girki idonta jajir.

"Aƙalla ki riƙa bi ta ƙofar baya. Ko ki bari yayanki ya aiko miki gida."

"A'a."

"Shekarunmu nawa muna gina sunan nan?"

"Shi ya sa. In na ɓoye, ranar da aka gani za a ce miyar ma ƙarya ce."

Ta fita zauren da kanta, ta tsaya a tsakiyar tebura tana goge hannu.

"Na ji ana tambaya. Ina sayen nama, gaskiya ne. Kyanwata nake ba wa. Na gwada ta da abincinmu har ta rasa ganinta. Ni ban ci ba, ba kuma zan ci ba, a nan ma ba za a dafa ba. Ban ce abin da nake yi ya wanku sarai ba, kaji na mutuwa a kansa, na sani. Wanda yake da hanyar da ta fi wannan ya faɗa mini, zan bi. Amma ba zan bar ta ta mutu ina jira ba."

Malamin kiɗan ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake dawowa ba, shi da wasu. Wata tsohuwa a lungu ta ce a ƙara mata burodi.

Bilyana ta yi kwanaki ba ta yi mata magana sai ta aiki. Ba ta taɓa cewa ta yarda ba, kuma ta daina hawa benen Nevena shan shayi kamar da. Sivka kuwa kafin ƙanƙara ta narke gashinta ya dawo yana sheƙi, hakin ya tafi. Ganin bai dawo ba, sai dai ta haddace ɗakin, Nevena ta daina matsar da kujeru. Har yanzu tana sayo abincin tsirrai iri-iri tana gwada gauraya shi da naman, kaɗan-kaɗan, da sanin likita. Wani lokaci Sivka ta ci, wani lokaci ta tsince naman ta bar sauran.

Wata safiya Nevena ta iso gidan abincin a makare, ta biya ta wurin Stoil ta kai ƙunshin gida tukuna. Ta tarar Bilyana ta ajiye sabon sabulu da buroshi a bakin famfo.

"Har gwiwar hannu," in ji Bilyana, ba ta ɗago ba. "Da ƙarƙashin farce. Sannan ki zo ki kama mini ƙullin nan, bayana ya riƙe."

Nevena ta buɗe famfo.