Likkafanin Mashud

Tun ranar da ruwa ya tafi da Mashud, Azara ta daina ɗora tukunyar wake da shinkafa. Ma'aikatan unguwar Nima sai su tarar da teburinta a kife. Ita kuwa da safe tana cikin motar haya zuwa bakin teku, da likkafani a naɗe cikin jaka.

Mashud ɗanta ne tilo. Ɗan zango da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, amma bakinsa ya iya Turanci, shi ya sa aka ɗauke shi a wani ƙaramin jirgi mai kai baƙi kallon bonsu, ƙaton kifin nan mai feso ruwa ta ka. Rigarsa ta ceto ya cire ya ba wata baƙuwa. Igiyar ruwa ta ɗaga jirgin, aka dawo da kowa ban da shi.

Habib, ƙanin mijinta, ya yi ta lallashinta a yi sallar gawa haka nan, liman ma ya ce ya halatta. Ta ƙi. Ita ta wanke shi ranar da ya zo duniya, kuma sai an wanke shi zai tafi.

Wata safiya ta hango taro a bakin ruwa. Ta kutsa har takalminta ya fita. Ashe bonsu ne teku ta yar, ya kumbura, wari ya cika wurin. Masuntan ƙabilar Ga sun kewaye shi suna zuba giya a yashi, domin su a al'adarsu jana'iza ake yi masa kamar babban mutum. Sun lulluɓe shi da farin yadi, yadin bai kai kansa ba.

Baƙin ciki ya turnuƙe ta. Kifi ma ya samu masu binne shi.

Wani tsohon masunci da ya saba ganinta ya matso. Cikin gurguwar Hausa ya ce, "Mma, inda wannan ya fito, mutum ba ya dawowa. Ki daina zuwa."

Sai ta kira Habib a waya, ta ce ya gaya wa liman a yi sallar gawa bayan la'asar.

Ya tambaye ta likkafanin fa.

"Zan ajiye," in ji ta. "Ni zai yi mini."