Robar Hagu a Madubin Dama

Motar da mijin Iya ya rasu ya bari ta girmi Auta da shekara biyu, shi kuwa Auta har ya tara gemu da 'ya'ya uku. Shi ke tuƙa ta, amma kujerar gaba ta Iya ce, kuma duk gidan babu wanda ya isa ya ɗora mata ɗuwawu.

Laifin motar ɗaya ne. Robar da ta zagaye gindin madubin gefe ta bushe ta tsattsage kamar kaushin ƙafa. In ana ruwa sai ya riƙa ɗiga ta kusurwar taga, ɗis, ɗis, a kan gwiwar Iya. Ita ba ta damu ba, tana da tsumma. Auta ne ya gaji.

"Iya, zan sa a canja robar nan, gefe biyun duka. Amma in ruwa ya ƙara shigowa, wallahi sayar da ita zan yi. Mai gwangwan ya daɗe yana zagayena."

"Mai gwangwan ya je ya zagaye ubansa," in ji Iya.

Aka kai motar wajen wani bakanike da ake kira Minti Biyar, don ko injin jirgi ka kawo masa, abin da zai ce maka ke nan. Ya ɓalle baƙin murfin da ke rufe gindin madubin, ya sa sabuwar roba mai sheƙi a kowane gefe, ya buga bayan motar da tafin hannu ya ce an gama.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa, suna kan hanyar dawowa daga dubiya. A da ɗiga yake yi, yanzu kuwa sai ya zo tamkar an buɗe famfo. Kafin su isa gida zanin Iya ya jiƙe sharkaf har ɗan tofi, ga wani fito da madubin ya koya, fiiii, kamar ɗan iska a bakin kasuwa. Gefen Auta ma ya samu rabonsa.

"Shi ke nan," in ji Auta yana matse wandonsa. "Jikin motar ne ya ruɓe. Jibi mai gwangwan zai zo."

Da safe Iya ta fita tsakar gida, ta tsaya gaban madubin dama ta ƙura masa ido, ta zagaya ta ƙura wa na hagu. Ba ta san sunan ko ƙusa ɗaya a jikin mota ba. Amma ta ga leɓen robar ya karkace ya kalli sama, ta ga 'yar tsagar da ruwa ya kamata ya bi ya fita ta juya tana kallon cikin mota. Wannan karkacewar ta san ta. Shekara nawa ta yi tana ganinta a bakin ƙofa kowace safiya.

Ta cika buta, ta yafa mayafi.

"Auta, tada mota."

Sun tarar da Minti Biyar a ƙarƙashin wata akori-kura, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Iya ta taɓa ɗaya da sandarta.

"Fito, ɗan nan."

"Minti biyar, Mama!"

"Ba ni da shi. Fito."

Ya fito yana murmushi yana goge hannu a riga. Ta buɗe masa ƙofar gaba ta ce ya zauna. Auta ya saki baki, don shi kansa bai taɓa zama a kujerar nan ba. Minti Biyar ya shige yana gyara zama kamar an ba shi sarauta. Iya ta rufe ƙofa, ta sa ya ɗaga gilashi, sannan ta tuntsura butar a kan madubin.

Ihun da ya yi har mai walda da mai faci suka baro aikinsu. Ya fito wandonsa jiƙe daga cinya zuwa inda ba a faɗa.

"Haba Mama! Me na yi miki?"

"Abin da ka yi mini shi na yi maka. Ni har da fito aka haɗa mini."

"Mama, motar nan ta tsufa. Roba ba ta da laifi, sabuwa ce dal, daga leda na ciro ta."

"Ni ma na tsufa, ka ga ina yoyo? Takalmin hagu ka sa mata a ƙafar dama."

Mai faci ya tuntsire da dariya. Minti Biyar ya ɓata rai.

"Mama, wannan aikin masu ilmi ne. Kowace roba akwai harafi a jikinta, an rubuta ta hagu, an rubuta ta dama."

"Madalla. Ni ko alif ban sani ba. 'Ya'ya bakwai na sa wa takalmi, wannan mai gemun har ya shekara shida yana sa nasa a juye, shi ya sa na san abin in na gan shi. Kai da ka iya karatu, cire ka karanta mana."

"Iya, a bar maganar takalmin nan," in ji Auta ƙasa-ƙasa.

Minti Biyar ya ɗauko sukundireba, ya ɓalle murfin, ya zare robar. Ya juya ta, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta. Mai walda ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Karanta da ƙarfi, malam, mu ma mu ƙaru."

Bai karanta ba. Sai ya zagaya ɗaya gefen ya ciro 'yar'uwarta, ya musanya su. Nan take kowace ta kwanta lum a mazauninta, leɓe ya kalli ƙasa. Da ya zo mayar da murfin, sai Iya ta hango ɗaya daga cikin 'yan haƙoran da ke riƙe shi a karye, an liƙe wurin da gam.

"Wannan kuma waye ya cinye shi?"

"Haka na same shi, Mama."

"Kalle ni ka sake faɗa."

Ya shiga rumfarsa ya yi ta tonon wani tsohon gwangwani har ya samo wani haƙorin, ya sa, murfin ya ce ƙas. Aikin ya ci awa guda cur.

Iya ta sa mai faci ya sake cika mata butar. Wannan karon Auta ta nuna wa kujerar.

"Zauna. Kai ne mai sayarwa, cinyarka ce za ta ba da shaida."

Ya zauna yana rufe ido. Ta zuba ruwan a hankali, har ɗigon ƙarshe. Ya gangara ta bayan ƙofa ya sauka ƙasa. Auta ya shafa wandonsa, ya shafa kujera, ya shafa kusurwar taga. A bushe.

"To, mai gwangwan fa?" in ji Iya.

"Zan ce masa ya fasa zuwa."

"A'a, bar shi ya zo. Butata na nan. Yanzu tashi mini daga kujera."